Perrine Ba Ta Zo Nevers Ba

Nevers, 9 ga Satumba, 1974

Zuwa ga Gaétan,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Colette da yara, kuma iskar teku ba ta tayar maka da tarin nan naka ba. Ni ce Léonie, 'yar Kawunka Anselme. Na faɗa ne don shekara goma sha ɗaya ke nan rabon mu da juna, tun jana'izar Mama, ban sani ba ko har yanzu kana gane rubutuna. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya.

Baba ne ba lafiya. Ranar sha huɗu ga Agusta ya faɗi a ɗakin da yake tara tsofaffin gidajen tawadarsa, da tsumman goge-goge a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, idonsa ba ya ganin komai sai haske da duhu, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu, da ƙyar. Na ajiye koyarwa a Bourges na dawo gida. Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi abinci a baki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da ya farfaɗo suna ɗaya yake kira: Perrine. Da safe Perrine, da rana Perrine. Ba sunan Mama ba ne, ba nawa ba ne, ba na kowa a danginmu ba. Na tambayi maƙwabciyarmu Madam Fauchet, ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yata, maza ai kowa da abin da yake ɓoyewa." Na tambayi tsofaffin ofishin lauyan da ya yi wa akawu shekara arba'in, ba wanda ya san ta.

Kai ne ka yi hutun makaranta bakwai a gidan nan, kai yake rufe ƙofa da kai a wancan ɗakin. Idan wata mace ce, ka faɗa mini kai tsaye. Na wuce hamsin, ba abin da zai girgiza ni. In tana raye zan nemo ta.

'Yar'uwarka,
Léonie

Dunkerque, 16 ga Satumba, 1974

Yaya Léonie,

Na sami wasiƙarki, kuma wallahi hankalina ya tashi. Allah ya ba Kawu sauƙi, ya ƙara miki ƙarfi. Mu nan lafiya lau, tari ya yi sauƙi, Colette tana gaishe ki. Aikin kwastan ne dai ba ya barin mutum ya numfasa, jirage sun cika tasha.

Ki yi haƙuri, amma da na kai wurin Madam Fauchet sai da na yi dariya. Perrine ba mace ba ce, Yaya. Wato mace ce, amma ta tagulla. Gidan tawada ne, shi ne na farko da Kawu ya fara saya, a wata kasuwar tsofaffin kaya a Paris, tun ba a haife ni ba. Yarinya ce zaune a kan dutse da kwando a cinyarta, an shafe ta da ruwan zinare, da kurtun gilashi ɗaya a damanta ɗaya a hagunta, murfin kowanne kamar furen da bai gama buɗewa ba. Ta haura shekara ɗari da talatin. Kawu ne ya raɗa mata suna. Ya ce duk sauran ɗari da arba'in ɗin nan, da wuƙaƙen buɗe wasiƙa da hatimai da komai, ita ce ta jawo su gidan.

Na yi mamaki da kika manta ta. Tana wurina. Kawu ya ba ni ita shekarar da na ci jarrabawar shiga kwastan, ya ce, "Gaétan, riƙe ta, kai kake da idon ganinta." Tana cikin akwatin gilashi a ɗakin karatuna, ko ƙura ba ta taɓa ta. Ki faɗa masa haka a kunne, zai ji daɗi.

Ƙaninki,
Gaétan

Nevers, 22 ga Satumba, 1974

Gaétan,

Ina gaishe ku duka. Baba yana nan yadda yake. Likita ya zo shekaranjiya ya duba shi, ya ce zuciyarsa ta saurayi ce, ba ita za ta kashe shi ba.

To, na gode da dariyar. Ni ban yi ba. In gaya maka gaskiya, na so a ce mace ce. Da na ce ashe dai ya taɓa son ɗan'adam.

Ban manta ta ba, ban taɓa sanin sunanta ba ne. Ta ina zan sani? Ni iyakata bakin ƙofa. "Léonie, hannunki da maiƙo." "Léonie, siket ɗinki zai ture wani abu." Na tuna shekarar da ya ba ka ita, don a shekarar aka ba ni shugabancin makarantarmu, na hau jirgi na zo in faɗa masa. Ya ce madalla, ya tambaye ni ko na rufe ƙofar waje.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Na faɗa masa a kunne kamar yadda ka ce. Ya miƙo hannun hagu, wanda yake motsi, ya buɗe tafinsa ya bar shi a buɗe. Na sa masa hannuna, ya ture. Na ɗauko masa wani gidan tawada daga ɗakin, mai zaki, ya shafa ya ture. Haka na yi ta jido su ɗaya bayan ɗaya har bakwai. Ita yake so, Gaétan, a hannunsa, ba labarinta ba.

Ka kawo ta, ko ka aiko ta. Aro nake roƙo, ba kyauta ba. Duk ranar da ya gama da ita zan mayar maka. Ban taɓa roƙon ka komai ba, shi ma ban taɓa roƙon sa ba.

Léonie

Dunkerque, 6 ga Oktoba, 1974

Yaya Léonie,

Gaisuwa mai yawa. Ki gafarce ni da jinkiri, ƙaramarmu ta yi ƙyanda, amma ta warware. Na yi murna ƙwarai da abin da likita ya faɗa a kan zuciyar Kawu. Dama na sani, irinsu Kawu sai sun ga tasa'in. Hankalina ya kwanta.

Maganarki ta taɓa ni. Ban san kin riƙe waɗannan abubuwa a rai ba. Kawu mutum ne da bai iya nuna ƙauna da baki ba, amma na tabbata yana ji da ke.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba, shugabanmu ya hana kowa hutu sai Disamba. Ga kuma baje kolin masu tara kayan teburin rubutu da za a yi a Lille tsakiyar Nuwamba, shekara biyu ina shirinsa, an riga an buga sunana a takardar taron. Amma ban bar Kawu haka ba. Jiya na kai akwati tashar jirgin ƙasa, zai iso Nevers cikin kwana huɗu ko biyar. Na sa masa abin da zai ɗebe masa kewa har in zo da kaina a Disamba. Ki buɗe a hankali, ki fara ciro kuratan gilashin, suna cikin auduga daban. Kada ki goge da ruwa ko sabulu, busasshen tsumma kawai.

Ki sumbace mini goshinsa.

Gaétan

Nevers, 16 ga Oktoba, 1974

Gaétan,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Ina fata yarinya ta warke. Baba ba ya cin abinci, yau kwana huɗu.

Akwatinka ya iso ranar Asabar. Da kaina na je tasha na ɗauko, na rungumo shi a ƙirji har gida kamar jariri. Na yi masa aski, na canza masa riga, na jingina shi da matasai, na buɗe labule don rana ta shigo. Na ce, "Baba, ka yi baƙuwa. Perrine ta zo." Gaétan, ya yi murmushi. Da rabin baki, amma murmushi ne. Ban san yaushe rabon da in ga haƙoransa ba.

Na ɗora masa ita a cinya. Ya sa yatsu ya bi kanta, ya bi kafaɗarta, ya sauko kan kwandon. Ya ɗaga ta kaɗan kamar mai auna nauyi. Sannan ya kifa ta ya sa babban yatsa a ƙarƙashi yana neman wani abu. Ya nema, ya sake nema. Ina kallon fuskarsa tana rufewa.

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ita ce, Baba. Gaétan ne ya aiko daga Dunkerque."

Ya ce, "Ƙarya."

Na ce, "Wallahi da hannuna na ɗauko ta a tasha."

Ya juyo da idanun nan da ba sa gani, ya saita su a kaina daidai, ya ce, "Ke." Sannan ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya faɗi magana mafi tsawo da ya yi tun Agusta: "Gaétan ba zai yi ba. Ke ce."

Ya ture ta ta faɗi ƙasa, kurtu ɗaya ya fashe. Ya juya fuska bango. Tun daga ranar in na kawo cokali sai ya datse baki. Madam Fauchet ce ke shigowa ta ba shi romo, daga hannunta yana karɓar cokali biyu ko uku. Idan ya ji takuna sai ya rufe ido. A ganinsa na je kasuwa na sayo ta bogi don in rufe masa baki, kamar yadda ake ba yaro abin wasa.

Ni ban san tagulla ba. A idona yarinya ce da kwando, kamar yadda ka kwatanta. Ko dai ciwo ya taɓa masa hankali, ko kuma ka san abin da ban sani ba. Na sake karanta wasiƙarka sau uku, sai yanzu na lura ko sau ɗaya ba ka rubuta sunanta a ciki ba.

Idan ba ita ba ce, ba zan yi maka faɗa ba, ba ni da ƙarfin faɗa. Layi biyu kawai nake so, da rubutunka: "Kawu, ni ne na aiko, Léonie ba ta san komai ba." Madam Fauchet za ta karanta masa, ita yana yarda da ita. Ka rubuto yau. Ana ta cewa ma'aikatan gidan waya za su shiga yajin aiki, ka yi sauri.

Léonie

Dunkerque, 19 ga Nuwamba, 1974

Yaya Léonie,

Ina gaishe ki da Kawu. Ban san ranar da wannan za ta same ki ba, da yajin aikin nan da ya ƙi ƙarewa, amma zan jefa ta a akwati ta jira. Mu duk lafiya. Shirun da na ji daga wurinki na ɗauke shi alheri, na san da wani abu ya faru da kin nemi hanya.

Na dawo daga Lille jiya, kuma dole in ba Kawu labari. Teburi sittin da biyu, mutane har daga Bruxelles da Genève. Wani tsoho mai shago a Paris, wanda kowa ke tsoron bakinsa, ya tsaya gaban teburina ya fi minti goma yana duba kayana. Can ya cire tabarau ya ce, "Malam, wa ya koya maka?" Na ce, "Wani akawu a Nevers, Anselme Ravaud." Ya ce, "To ka gaya masa ya iya." An ba ni lambar girma ta biyu. Ki faɗa wa Kawu sunansa ya fito a gaban manya, a bakina.

Hutuna zai fara ashirin ga Disamba. Colette ta ce in tambaya ko Kawu yana iya cin cuku mai laushi, ta haɗo masa.

Ƙaninki,
Gaétan

Dunkerque, 5 ga Disamba, 1974

Yaya,

Yau da safe wasiƙarki ta sha shida ga Oktoba ta iso, cikin tarin takardun da suka yi mako bakwai a buhu. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa. Ban je aiki ba. Yaya jikin Kawu? Don Allah ki ce mini yana ci.

Ba ita ba ce. Kawu bai ruɗe ba. Wadda na aiko kwafi ce da aka zuba wajen shekara hamsin bayan ta asalin, na saye ta a Bruxelles don kwatance. Ta fi nauyi kaɗan. Ta asalin tana da ɗan tabo a ƙarƙashi inda maƙerin ya buga alamarsa, shi yatsansa yake nema. Na ɗauka tunda ba ya gani ba zai gane ba. Shi da ya koya mini in rufe ido in san tagulla da hannu.

Ban yi niyyar yaudarar ki ba. Na rubuta "abin da zai ɗebe masa kewa har in zo", na zaci za ki fahimci ta wucin gadi ce. Ke ma kin rubuta cewa zuciyarsa ta saurayi ce, na ɗauka akwai lokaci. Na ji tsoron jirgin ƙasa, kin ga ai ko wannan kurtunta ya fashe.

A'a. Na karanta abin da na rubuta yanzu, na ji kunya. A hannunsa ya fashe, ba a jirgi ba. Gaskiyar ita ce ina son ta a Lille, ita ce ta ci mini lambar. Akwai kuma wani abu. Ƙarshen Oktoba na tarar da 'yar takarda a teburina a ofis, sau biyu: wata mata ta bugo waya daga kantin magani a Nevers. Na san ke ce. Na ce a raina in na kira za ki tambaye ni, ni kuma ba zan iya yi miki ƙarya da baki ba, gara bayan Lille. Na sa takardun a aljihu.

Ga layukan da kika nema a wata takarda daban, na sa hannu. A karanta masa yau. Na gaya wa shugabanmu ko ya ba ni hutu ko ya kore ni. Ranar Asabar ta sama zan taho da Perrine a kan cinyata, in durƙusa gaban gadonsa in faɗa masa da bakina.

Gaétan

Nevers, 10 ga Disamba, 1974

Gaétan,

Wasiƙunka biyu sun iso rana ɗaya, ta Lille da ta bayanta. Ina taya ka murnar lambar girma. Ka gode wa Colette, ka ce mata ba a bukatar cuku.

Baba ya rasu ranar Lahadi uku ga Nuwamba, da hantsi, ana buga ƙararrawar coci. Huhunsa ne ya cika da ruwa. Likita bai yi ƙarya ba, zuciyar ce ta ƙarshe da ta tsaya. Cewa na yi ba ita za ta kashe shi ba, ban ce ba zai mutu ba. Mun binne shi ranar Laraba kusa da Mama. Mu tara ne a maƙabarta, har da masu haƙa.

Kwana ashirin da biyu ya yi bayan zuwan akwatinka, bai sake ce mini komai ba. Ina juya shi, ina wanke shi, ina shafa masa mai a baya, shi kuwa ya ƙame kamar itace har in gama. Ranar Asabar, da na ga numfashinsa ya canza, na durƙusa na ce, "Baba, ni ce Léonie. Ban yi maka ƙarya ba. Ko ba ka yarda ba, ka riƙe hannuna." Ya janye hannun ya cusa ƙarƙashin bargo. Da safe Madam Fauchet ce a gefensa, ni ina tsaye a bakin ƙofa don kada ya ji ni ya tayar da hankalinsa. Daga nan na ga ya cika.

Takardar da ka sa wa hannu na karanta ta. Rubutunka yana da kyau. Ban san wa zan kai wa ba.

Kada ka zo ranar Asabar. Ba fushi ne ya sa na ce haka ba, ba ni da gadon baƙo ne, kuma ba na son ganin ta. Perrine ta zauna inda take, sauran za su zo su same ta.

Makon jiya lauya ya kira ni ya karanta wasiyya. Tun shekara biyar da suka wuce Baba ya rubuta ta. Gida nawa ne, doka ma ba za ta bar shi ya hana ni ba. Duk abin da ke cikin ɗakin nan kuwa naka ne: gidajen tawada ɗari da arba'in, da wuƙaƙen, da hatiman, da madannan takarda, har da akwatunan gilashin. Ya rubuta da hannunsa cewa ya bar maka su ne "domin a duk dangi shi kaɗai ne mai amana." Lauyan ya karanta wurin da sauri, bai ɗago kai ba. Da ya gama ya ce, "Madam, in kina so a ƙalubalanta, akwai hanya." Na ce masa ba na so.

Kwana shida na yi ina naɗe su. Kowanne na ciro kuratansa na sa a auduga, na naɗe jikin da jarida, na rubuta lamba. Ban sa ruwa ba, ban sa sabulu ba. Wannan ne karo na farko da na taɓa su ba wanda ya ce in cire hannu. Wasu suna da kyau, ban musa ba. Akwai wani ƙarami na tangaran mai shuɗin fure da na daɗe ina riƙe da shi, sannan na naɗe shi shi ma. Na ɗaga wani babba mai doki sama da kaina, na tsaya haka har na gaji, sannan na sauke shi a hankali na sa a akwati. Ban fasa ko ɗaya ba. Taka ta Bruxelles tana akwati na sha tara, da gutsattsarin kurtunta a ambulan.

Motar kaya za ta taso daga nan ranar Litinin, ta iso ƙofarka ranar Laraba kafin azahar. Akwati ashirin da uku ne. Direban ya ce ba zai hau bene da su ba, sai ka nemi masu taya ka. Ka kasance a gida.

Bayan Kirsimeti zan koma Bourges, sun ce aji ɗaya yana jirana. Gidan na sa shi a kasuwa. Kada ka rubuto godiya, kada kuma ka rubuto ban haƙuri, ba zan bar adireshi ba.

Léonie Ravaud